Ranar da Na Kai Muryar Inna Bariki

Ku 'ya'yana, akwai maganar da kuka tashi kuna ji a bakin dangi, wai uwarku Rabi ce ta kori kakarku daga gidanmu na Maraɗi, har tsohuwa ta koma Jiratawa ta mutu a can. Ƙarya ce. Na ga yadda babbarku take sunkuyar da kai duk ranar da aka taso da zancen a gidan biki, na kuma san wasunku sun yarda. Rabi ta shiga kabari da wannan zargi a kanta, ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba, ni kuwa da na san gaskiya na yi gum shekara da shekaru. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙafafuna sun kumbura, ido ɗaya ya tafi, ban sani ba ko zan ga wata damina. Ni na kori Inna. Ban zage ta ba, ban hana ta tuwo ba. Da wasa na kore ta, kuma sai na gaya muku irin wasan kafin ku gane yadda aka yi.

Kun san ni tsohon falanto ne, mai yawo da takardun buro, wato ofishin Nasara, a kan keke. Kafin wannan ni ɗan kama ne, cikin masu ba mutane dariya a kasuwa da gidan biki, kuma ba na jin kunyar faɗa, don sana'a ce mai ƙa'ida, ta ma fi ta wasu masu rawani ƙa'ida. Ubangidana Baba Mantau ne, wani Bagobirin Tibiri, siriri, mai tsaga har kunne, wanda in ya yi shiru sai ka rantse mutuwa aka yi masa. Shi ya tsince ni ina saurayi a rumfar dukawa inda mahaifina ya yi aiki kafin ya rasu. Ya tarar ina kwaikwayon wani Bakano mai sayen fata, dukawa sun ajiye basilla suna riƙe da ciki. Bai yi ko murmushi ba. Ya ce in bi shi, na bi shi. Lokacin gulbi bai daɗe da cinye tsohon gari ba, an kwaso mu an dawo da mu kan tudu, an yanka tituna, an kafa sabuwar kasuwa. Kai, kunnen ɗan kama ya sami abinci a wannan kasuwa! Ga Kanawa masu sayen gujiya da maganarsu ta sauri, ga Buzaye masu raƙuma, ga tsofaffin soja da suka dawo daga yaƙin Nasara, in sun faɗi kalma biyu ɗaya Faransanci ce, ga mutanen ƙauyukan gulbi da gaisuwarsu mai tsawon igiyar rijiya. Duk Hausa muke yi, amma ba bakin da ya yi kama da wani, kuma a nan mu muke cin abinci.

Wasan da ya yi mana suna shi ne na tafinta da baƙauye. Ni ne tafinta. In kifa ƙwarya a ka ta zama hular Nasara, in rataya tabarau na kara, in ɗaure fuska, in riƙa magana ta hanci. Baba Mantau shi ne tsohon da ya kawo ƙara buro. Zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya fara:

"Ranka shi daɗe, an kwan lahiya? Ina gajiya? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa ɗiya? Ƙaƙa jakin nan naka mai ɗingishi, ya samu sauƙi?"

Ni kuwa in buga ƙafa in ce da guntun Faransanci, "Bon, bon! Ale, tsoho, ba ni da tan. Faɗi afer ɗinka, bit-bit!"

Haka za mu yi ta yi, yana ja ina katsewa, shi bai kai ga ƙarar ba, ni ban bar shi ya gama gaisuwa ba, har mutane su kewaye mu, mai talla ya manta da tallarsa. Sai a ƙarshe rina ta harbi tafinta a wuya. In yi tsalle, ƙwarya ta faɗi, Faransanci ya gudu, in kurma ihu da bakin ƙauye tsantsa:

"Wayyo inna! Ta halbe ni, ɗiyar banza, ta kashe ni!"

Sai Baba Mantau ya miƙe a hankali, ya leƙa fuskata, ya ce, "A'aha! Wanga baki ai na garinmu na. Kai ba ɗan Ranau ba na, mai kiwon awaki? To, ka gai da tsohuwarka."

Nan kasuwa take kecewa. Na taɓa ganin gardi, ɗan sandan bariki, da kakinsa yana dariya har da hawaye, don ya san da shi ake, ya kuma san gaskiya ne. Na daɗe ina tunanin abin da ke ba mutane dariya a wannan wasa. Bakin ƙauye shi kaɗai ba abin dariya ba ne, kowa yana jin sa kullum. Faransancin tafinta kuwa shi kaɗai tsoro yake ba talaka. Sai an haɗa su wuri ɗaya kowanne ya tona asirin ɗan'uwansa. Ɗan birni ya yi wa tsoho dariya, kafin ya rufe baki an tuna masa haka kakarsa take magana. Baƙauye ya ji an taɓa shi, kafin ya yi fushi ya ga babban mutum a ƙasa yana kiran uwarsa. Kowa ya sha nasa kason, shi ya sa ba mai komawa gida da ciwo. Baba Mantau bai taɓa yi mini wannan dogon bayani ba, shi ba mai yawan magana ba ne in ba a fage ba. Doka biyu kawai ya kafa mini tun ranar farko, muna tafe a ƙasa kan hanyar Tibiri.

Ya ce, "Murya daga bakin mutum ukku aka ɗauko ta. Ka ɗauki tarin wanga, ka ɗauki rantsuwar wancan, ka ɗauki tahiyar na ukku, ka dama su awa hura. Kowa shi ga maƙwabcinai, kar kowa shi ga kainai. Ta biyu, in baki biyu sunka gamu, na bisa shi ka hwaɗuwa daga baya. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Na kuwa ji, kar wani ya ce rashin sani ne.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Inna, tunda ba wanda ya san ta da wayo a cikinku. Sunanta Tasalla, 'yar wani manomi ce mai suna Nomau a Jiratawa, gidan Anna masu bin al'adar kakanni. Ta kama salla tun da ta auri mahaifina, ba ta kuma sake ta ba, amma harshenta bai taɓa shigowa birni ba. Ta fi shekara talatin a Maraɗi, in ta buɗe baki sai ka ce jiya ta sauko daga kan jaki, kuma ko a jikinta. Daddawar batso take yi ta sayar, duk kasuwa ba mai kira irin nata. Murya ce mai kauri, tana ɗan karyewa a ƙarshe, in ta ɗaga ta daga layin masu kayan miya sai an ji ta a wajen mahauta:

"Ga batso, ga batso na ɗiyar Nomau! Wadda ba ta saye ba, mijinta shi kwan da hushi!"

In mai saye ta ce ya yi tsada, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ai ho, ni ɗiyar Nomau! Ƙasa ta haɗe ni in na cuce ki." Da wannan baki ta ciyar da mu, ni da yayata Hajo, bayan rasuwar mahaifinmu. Da shi take faɗa, da shi take lallashi, da shi take cika gida tun asuba. Ta yi da kaji, ta yi da akuya, ta yi da Rabi, wadda lokacin take ɗauke da cikin babbarku. Masu cewa ba sa shiri ba su taɓa shiga gidan nan ba. Inna za ta ɗanɗana tuwon Rabi ta ce, "Ke ɗiyar birni, wanga tuwo naki ko gina aka yi da shi sai ta tsaya," Rabi ta rufe fuska da gefen zane tana dariya, gobe kuma Inna ce za ta ƙwace muciya ta ce mai ciki ba ta tuƙi. Ni kuwa Auta take ce mini. In na dawo daga wasa ina ba su labari sai ta girgiza kai ta ce, "Auta, kai dai Allah ya ba ka baki ya hana ka kunya," amma ita ce ta farkon cewa in sake yin na Bakanon.

A tsakiyar daminar wannan shekara tafinta na gaske ya aiko a kira ni. Na ce shi ke nan, rina ta kai ni gidan kaso. Na same shi a barandarsa a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Garba, na ji labarin wasanku. Ban ji haushi ba, ni mutum ne sibilize, wayayye. Jibi da kwana ɗaya bikin Faransawa ne, kumandan yana so a ba shi dariya. Amma ban da tafinta, ban da rina. Ka yi mana matar ƙauye ta zo buro. Komi, malamin buro, ya yi maganarsa tsaf, ita ta yi shirmenta, ya kore ta. Shi ke nan." Sai ya dubi farcensa ya ƙara, "Falantonmu ya tsufa. Ana neman yaro mai wayo."

Zan iya ce muku don cikin Rabi na yarda, don ɗan kama ba shi da tabbas, ran da ba kasuwa ba biki ba tuwo. Akwai wannan. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi ja na shi ne ina so in ga masu zama kan kujera suna yi mini dariya. Na gaji da dariyar masu zama a ƙasa, ka ji wauta! Washegari na taka har Tibiri, na sami Baba Mantau a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar jaki. Na zayyana masa kome. Bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Wa ka hwaɗuwa daga baya?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Tsohuwar ce za a kora."

"To, wanga ba wasa ba na, duka na. Tahi kai ɗai."

Na ce, "Haba Baba, in kiɗa ya sake ai rawa ma sai ta sake."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kiɗa ka ji? Ni bulala na ji."

Na dawo ina ce wa kaina tsufa ne da hassada. Saura kwana biyu, ni kuwa ban taɓa yin mace ba. Na shiga kasuwa neman baki uku kamar yadda aka koya mini, na tsaya kusa da mai nono, na tsaya kusa da mai itace, na saurari wata tsohuwa mai tukwane. Irin wannan haɗi wata guda yake ɗauka kafin ya kama jikinsa. Na koma bayan gida na gwada, abin ya ƙi, kamar fura da ba ta damu ba. Amma duk sa'ad da na saki baki na bar shi ya tafi da kansa, muryar Inna ce take fitowa, cikakkiya, ba gyara, don da ita aka yaye ni. Na ce wa kaina wa zai sani a bariki? Alhali na san matan gardawa duk a wurinta suke sayen batso. Ina cikin gwaji, na ɗaura tsohon zanen Rabi, sai ga Rabin ta zagayo ɗaukar itace. Ta tsaya cik.

Ta ce, "Maigida, wannan ai Inna ce."

Na ce, "Matar ƙauye ce kawai."

Ta ce, "Inna ce. Don girman Allah kar ka kai ta wurin mutanen nan."

Na daka mata tsawa na ce ba ruwan mace da sana'ar maza. Ku riƙe wannan da kyau: duk duniya mutum biyu ne suka ja mini kunne, uwarku ce ta biyu.

Ranar ta zo. An yi ruwa da safe, da la'asar ƙasa ta lafa, aka jera kujeru a filin bariki. Kumandan da matarsa a tsakiya, komi-komi da fararen kaya a gefe, gardawa a tsaye, matansu da masu aikin gidan Nasara a baya. Ba baƙauye ko ɗaya a wurin. Na lura da wannan, wallahi na lura, na kuma shiga. Ni kaɗai na yi baki biyun. In tsaya a dama in zama komi, in yi magana a natse, ba hanci, ba buga ƙafa. In koma hagu in ɗora ƙwarya a ka in zama tsohuwa. Da na ɗaga murya na ce, "Ga batso, ga batso na ɗiyar Nomau," ko sunan ban sake ba, don in an cire shi kiran ba ya tashi. Sai na ji wata mata daga baya ta yi ƙara, "La ilaha, Tasalla ce!" Daga nan wuri ya ruɗe. Na yi rantsuwarta, na yi dafe ƙirjinta, na yi ɗan tsakin da take yi kafin ta ƙara wa mai saye gyara. Kumandan ba ya jin Hausa, amma da ya ga komi-kominsa suna neman faɗowa daga kujera shi ma ya shiga bubbuga gwiwa. Sai da aka sa na maimaita rantsuwar sau uku. Komi ya kori tsohuwa, ta fita tana tuntuɓe, wasa ya ƙare a nan, ba kowa a ƙasa sai ita. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ban taɓa yin wasa mai kyau kamar na ranar ba, kuma daɗi na ji. Na dawo gida ina taku kamar ango.

Ran Litinin Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi kasuwa ba ta san kome ba. Hajo ce ta ba ni labari, don kusa da ita take zama da ƙuli-ƙulinta. Ta ce Inna na ɗaga murya ta ce "Ga batso," sai layi guda ya amsa mata, "Ai ho, ni ɗiyar Nomau!" Da fari Inna ta yi dariya, ta ɗauka ƙauna ce, har ta ce, "Yau kuma mi ya samu mutanen birni?" Sai matan bariki suka zo su huɗu suka tsaya a kanta, ba kuma saye ya kawo su ba. Wannan ta ce ta yi rantsuwar su ji, waccan ta ce a'a, ta dafe ƙirji tukuna. 'Yan dako suka taru. Inna ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sai wata matar gardi, wadda ta shekara tana sayen batso a wurinta, ta ce:

"Haba Tasalla, yi mana mana. Ko da yake ɗanki ya fi ki iyawa. Har Nasara sai da ya share hawaye."

Hajo ta ce sai Inna ta jawo faifai ta rufe ƙwaryar, ta zauna hannu a cinya har rana ta yi tsaka, sannan ta tashi. Ina gida ta shigo. Ta ajiye kaya, ta yi alwala, ta yi azahar. Na so ta zage ni, na so ta ɗauki muciya ta rotsa mini kai, da na san an rama. Ba ta yi ba. Ta zauna a kan turmi ta dube ni.

Ta ce, "Auta, sun yi dariya?"

Na ce, "Sun yi, Inna."

"Har da Annasaran?"

"Har da shi."

Sai ta ce, "Ashe shekara talatin dariya ni ka ba mutane, ni ban sani ba."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da Inna ta yi mini da bakinta na gaskiya. Ta koma kasuwa sau biyu ta zauna shiru, amma batso ba ya sayar da kansa, mata suka wuce ta suka je wurin masu kira. Sau na uku ta gwada yin tallar da bakin birni, tana lanƙwasa harshe, tana tsoron kowace kalma, aka yi dariyar da ta fi ta da. Ba ta sake zuwa ba. Gida ya mutu. Kaji su shiga ɗaki su fito ba mai ce musu kome. Rabi har da gangan ta ƙona tuwo wata rana ko Inna za ta tanka, Inna ta cinye ta ce, "An gode." Rabi ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ni kuwa an ba ni kaki da jar hula da keke. In na wuce kan titi 'yan dako su ɗaga murya su yi mini kiran batso, in ɗaga musu hannu. Sau biyu tafinta ya yi baƙi ya sa na sake yin wasan a barandarsa, na kuma yi, don mai kaki ba ya cewa a'a. Tir da ni.

Wata rana na gamu da Baba Mantau a bakin kasuwa, na sauka daga keke na durƙusa. Ya dubi kakin daga sama har ƙasa ya ce ya yi mini kyau.

Na ce, "Baba, kuskure na yi."

Ya ce, "Kuskure shi na mutum shi taka abin da bai gani ba. Kai ka gani."

Ya wuce. Bai sake tsayawa fage ɗaya da ni ba har ya rasu.

Inna ba ta tafi nan da nan ba. Ta jira Rabi ta haihu. Ita ta dafa ruwan wankan jego kwana arba'in, ita ta dama kunun kanwa, ita ta goya babbarku, duk a shiru, sai dai wani lokaci in ta ɗauka ba kowa a gida in ji tana yi wa jaririya ɗan guna-guni a kunne. Bayan an gama girbi ƙanenta ya zo da jaki daga Jiratawa. Ta ce wa maƙwabta iskar tudu ce ba ta karɓe ta ba. Ta bar wa Rabi babbar tukunyarta, Rabi ta riƙe mata zane tana kuka har ƙofar gida. To, kun san mutane. Uwa ba ta barin gidan ɗanta namiji tilo haka kawai, dole akwai dalili, kuma dalilin da ya fi sauƙi shi ne matar ɗa. Duk garin ya san wasan, amma ba wanda ya haɗa shi da tafiyarta, don a wurinsu ai wasa ne, wa yake barin gari don wasa? Hajo ta sani, ta yi shiru don ni ƙanenta ne. Da zancen ya yi yawa na ce wa Rabi zan fita in faɗa, ko da yake ban tabbata zan iya ba.

Ta ce, "Bar su, maigida. Gara a ce ni ce da a ce kai ne."

Na kuwa bar su, har da jin sauƙi a raina. Wannan shi ne ubanku.

Duk wata nakan hau keke in je Jiratawa da goro da gishiri da ɗan turmin atamfa in an samu. In na kusa gidan sai in sauka in tura keken a hankali, don ta bayan darnin kara nakan ji ta. Tana faɗa da akuya, tana tsokanar matan ƙanenta, muryar nan mai kauri tana nan yadda take, ba abin da ya same ta. In tsaya in yi ta saurare kamar ɓarawo. Da na yi sallama sai kome ya ɗauke. Ta fito ta shimfiɗa mini tabarma, ta zauna nesa kaɗan, ta ce da Hausar birni, a hankali, tana auna kowace kalma:

"Sannu da zuwa, Malam Garba. Yaya aiki? Yaya mai ɗaki da yarinya?"

Malam Garba! Ni da ta goya. Na taɓa faɗuwa a gabanta na kama ƙafarta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira," kuma na yarda ta yafe, don Inna ba ta ƙarya. Na ce to ta yi mini magana yadda ta saba, ko zagi ne. Ta yi ɗan murmushi ta ce ruwan da ta kawo mini zai yi zafi in ban sha ba. Ba horo take yi mini ba, na gane wannan daga baya. Tsoro take ji. Ta san kunnena ba ya jin abu ya bar shi, kuma ba ta san inda zan sake kai shi ba. Shekara shida muka yi haka.

Ta rasu da bazara, kafin ruwan farko, zazzaɓin kwana uku. Kafin saƙo ya same ni a buro an riga an kai ta. Ranar sadakar bakwai gida ya cika, har da mata daga Maraɗi, tsofaffin abokan zamanta na kasuwa. Bayan azahar Hajo ta ja ni bayan rumbu inda ba kowa. Tun abin nan ba ta cika yi mini magana mai tsawo ba. Idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Garba, tun jiya nake neman muryarta a kaina, ta ɓace mini. Fuskar tana nan, muryar ta ƙi zuwa. Kai kaɗai ka riƙe ta. Yi mini sau ɗaya in ji."

Na ce, "Yaya, kar ki sa ni."

Ta ce, "Ba na kasuwa ba. Yadda take kiran mu cin tuwo muna yara."

Na rufe ido. Ban dafe ƙirji ba, ban yi tsaki ba, ban ƙara kome ba. Na yi shi da dukan zuciyata, ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba:

"Hajo, Auta, ku taho ku ci! Tuwo ba shi jiran ɗan sarki, balle ku."

Hajo ta kama hannuna ta matse. Ita ce, Inna ce tsaye a tsakaninmu. Sai daga bayan darni, inda mata ke wanke tukwanen sadaka, wata ta tuntsire da dariya, wata ta taya ta, na ji an ce, "Kai, Garba ba shi da dama, har a gidan mutuwa!" Wata tsohuwa ta tsawata musu, suka yi tsit, amma ana jin ɗaya tana ƙoƙarin danne tata da zane.

Hajo ta saki hannuna. Ta goge fuska da bayan hannu.

Ta ce, "Bar shi, Garba. Ko a nan ma ba tamu ba ce."

Na ɗauki kekena ban yi wa kowa sallama ba. Ban iya hawa ba, tura shi na yi har Maraɗi.